Ruwan Wanka Ba Ya Ƙarewa A Bakin Rariya

Duk wanda ya tashi a Nima ko Mamobi ya san yadda lungunanmu suke daga idar da sallar asuba zuwa wajen ƙarfe bakwai. Kowane gida ana wanka, kowace rariya tana aman ruwan sabulu. 'Yan makaranta na tsallake-tsallake don kada takalmi ya jiƙe, dattijon da ya fito masallaci ya tattare bakin rigarsa, mai koko kuwa ta jawo teburinta gefe tana neman busasshen wuri. Haka abin yake a Sabon Zongo da Fadama da Madina, haka yake a Aboabo ta Kumasi. Mun saba da shi har mun daina ganinsa.

Amma ruwan nan da ke bin lungu, jiya da kuɗi muka saye shi, kuma a ka wani ya ɗauko shi. Yau ga shi ya zama abin da zai iya kwantar da ɗan maƙwabci a asibiti. Shi ya sa a wannan fitowa muka ga ya dace mu leƙa ɗakin da ba a cika son maganarsa cikin jama'a ba, wato banɗaki, mu bi bokitin ruwa tun daga shigowarsa gida har zuwa inda yake kwana. Muna neman afuwar iyayenmu idan wata kalma ta yi nauyi. Larura ce, kuma ba a ɓoye wa mai magani ciwo.

Ruwan da ya shigo da tsada

Ruwan famfon Akra daga manyan wurare biyu yake fitowa: madatsar Weija da ke kan kogin Densu, da matatar Kpong da ke jan ruwa daga kogin Volta. Na Kumasi kuwa daga Barekese da Owabi. Kafin ya iso bakin famfo an tace shi, an sa masa magani, an turo shi da wutar lantarki tafiya mai nisa. Duk da haka bai wadaci birni ba, shi ya sa ake rabonsa: yau famfo ya kawo, gobe da jibi ya ɗauke. In ya ɗauke, sai galan ɗin Kufuor, sai layi a wurin mai tanki ko mai rijiyar burtsatse.

A nan akwai abin da ya kamata mu riƙe. Wanda ke sayen ruwa galan-galan yana biyan kuɗin da ya ninka na mai famfo a gida sau da dama a kan kowace lita. Ma'ana, talakan zongo ya fi mai gidan bene sayen ruwa da tsada. Ban da kuɗi akwai wahala, kuma yawancinta a kan mata da yara take. Galan mai lita 25 nauyinsa kilo 25 ne. Yarinyar da ta yi sawu huɗu kafin ta tafi makaranta ta ɗauki kilo 100 a wuyanta tun ba ta karya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha da girki da wanka da wanki cikin wadata, kuma in abin ya gaza lita 20, tsafta kanta takan fara samun tawaya. A shekarar 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa samun ruwa mai tsafta da makewayi haƙƙi ne na kowane ɗan'adam. Da yawa daga gidajenmu suna rayuwa ne a ƙasan wancan ma'auni. Saboda haka ba muna cewa a rage wanka ba ne. Abin da muke nema shi ne a toshe inda ruwa ke salwanta banza, a mayar da shi inda lafiya ke buƙatarsa.

Inda ruwa ke zurarewa

Ɓarawo na farko shi ne famfo mai ɗiga. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da lita 20 zuwa 30 a yini da dare, wato galan guda cur. A wata ɗaya ya zubar da galan kusan 30. Sau da yawa 'yar robar da ke cikin kan famfon ce ta cinye, kuma kuɗinta bai kai na galan ɗin da ake asara a mako ba. Mu daina ɗaure kan famfo da leda muna cewa sai an samu sarari. Da yayyafi kogi kan cika.

Na biyu ya fi wannan ɓarna domin ba a jin motsinsa: tankin masai mai ja da ruwa. In robar da ke toshe ƙasan tankin ta lalace, ruwa yana silalewa cikin kwanon masai dare da rana, har ya kai ɗaruruwan lita. Gwajinsa ba wuya. A ɗiga shuɗin wanki kaɗan a cikin tankin, kada a ja ruwa, a jira kamar minti 20. In launin ya bayyana a cikin kwano, tankin yana yoyo, a kira mai gyaran famfo. Gidan da ke da mita kuma, a rufe kowane famfo da dare, a rubuta lambar, da asuba a sake dubawa. In lambar ta motsa alhali ba wanda ya ɗebi ruwa, to akwai bututun da ya fashe a wani wuri.

Tsofaffin tankunan masai suna sakin lita 9 zuwa 13 a ja ɗaya, sababbi lita 6, masu maɓalli biyu kuwa lita 3 ko 6. Mai tsohon tanki zai iya cika kwalbar roba mai lita ɗaya da rabi da ruwa, ya rufe ta, ya tsayar da ita cikin tankin ta gefen da ba za ta taɓa ƙarfen ja ba. Kowane ja ya rage lita ɗaya da rabi ke nan.

Sai wanka. A nan al'adarmu ta bokiti ta fi shawa tsimi nesa ba kusa ba. Bokiti mai lita 12 zuwa 15 ya ishi babba ya yi fes, alhali shawa tana sakin wajen lita 8 zuwa 12 a kowane minti. Wanda ya tsaya ƙarƙashinta minti goma ya yi wanka da ruwan mutum biyar ko fiye. Masu shawa su jiƙa jiki su rufe, su cuɗa da soso, sannan su buɗe su ɗauraye. Haka wajen goge baki da aski: kofi ɗaya ya isa, ba sai famfo yana zuba ana kallon madubi ba.

Ruwan ɗaurayar wanki ma kada a yi saurin zubar da shi. Yana kora masai, yana wanke daɓen banɗaki. Sharaɗi biyu ne kawai. Kada a ajiye shi ya wuce yini ɗaya, domin yana rubewa ya yi wari. Kuma ruwan da aka wanke tsumman jariri ko kayan mai gudawa da shi ba a sake amfani da shi, masai za shi kai tsaye.

Ma'aunin da muka gada

Maganar tsimin ruwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mudun nan bai cika lita ɗaya ba, ya ɗan ɗara ledar ruwan sha guda mai rabin lita. Sa'i kuwa mudu huɗu ne, wajen lita biyu da rabi zuwa uku. Littattafan fikihun da muka karanta a gaban malamanmu, irin su Risala, sun yaba ƙaranta ruwa tare da kyautata wanki, sun kuma ƙi ɓarna.

To mu auna kanmu. Wanda ya buɗe famfon masallaci ya bar shi yana zuba minti biyu yana alwala, ya ɓatar da lita 12 ko fiye. Sau biyar a rana, lita 60. Mai buta kuwa bai wuce lita 5 zuwa 8 ba a duk yini. Bambancin ya kai galan biyu a kan mutum ɗaya. Masallacin da ke cika sahu biyar, a lissafa a gani. Muna roƙon kwamitocin masallatai su dawo da butoci wurin alwala, su gyara kawunan famfo, su kuma yi wa ruwan alwala hanya mai kyau ko a karkata shi gindin itace, maimakon ya kwanta a ƙofar masallaci mutane suna taka shi suna shiga.

Inda ba a tsimi

Akwai wuri ɗaya da rage ruwa a cikinsa kasada ce, shi ne wanke hannu da sabulu. Muna alfahari cewa mu masu tsarki da ruwa ne, kuma abin alfahari ne. Sai dai ruwa zalla yana gusar da abin da ido ke gani ne, ƙwayoyin cuta kuwa suna maƙale a fata da ƙarƙashin farce. Malaman fikihu tun da can sun yi umarni a goge hannu da ƙasa bayan tsarki sannan a wanke. Aikin da suke nufi ƙasa ta yi, yau sabulu yana yinsa fiye da haka. Bincike ya nuna wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da kusan kashi 30 cikin 100. Sabulun salo ma ya wadatar, ba sai mai ƙamshi ba.

Lokutan da ba a sakaci da su: bayan fitowa daga makewayi, bayan wanke wa yaro kashi, kafin girki, kafin cin abinci, kafin shayarwa. A cuɗa kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu. Kuma ruwa mai zuba ake so. Kwano ɗaya da mutum takwas za su tsoma hannu ciki kafin a ci tuwo, na ƙarshe da dattin bakwai ya wanke nasa. A zuba wa juna da buta, ko a ajiye bokitin Veronica, wanda wata masaniyar kimiyya 'yar ƙasar nan, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro: bokiti mai murfi da kan famfo a ƙasa, da baho mai tarar ruwan. Mun ga amfaninsa lokacin korona. Bai kamata ya koma bayan ɗaki don annoba ta wuce ba.

Ita ma buta tana da haƙƙi. A gidan haya buta ɗaya takan shiga hannu talatin a yini. A ware butar makewayi daban da ta alwala, a bambanta launinsu yadda yaro ma zai gane. A riƙa wanke marikinta da bakinta da sabulu. Kada a tsoma ta cikin duro don a cika ta, kada a ajiye ta a ƙasan makewayi sannan a ɗora ta a kan murfin randa, kada kuma a bar yara su kafa baki su sha daga gare ta.

Bayan rariya

Yanzu mu bi ruwan waje. A ɗauki gidan haya mai mutum 30. In kowa ya yi wanka safe da yamma da bokiti mai lita 15, lita 900 ke nan, wato galan 36, ban da wanki da wanke-wanke. Duk wannan ta rami ɗaya a gindin bango yake fita. A ninka da yawan gidajen lungu ɗaya.

Mutane suna ɗauka ruwan wanka ruwan sabulu ne kawai. Ba haka ba ne. A banɗakin wanka ake fitsari, a nan ake wanke wa yara gindi, wani lokaci a nan ake ɗauraye fo. Don haka ruwan yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa da taifot da ƙwayayen tsutsar ciki. In ya kwanta a lungu, ƙuda ya sauka a kai ya tashi ya sauka a kan masa da ƙosai. Yara su buga ƙwallo ta faɗa ciki su ɗauka. Sauron da ke hana mu barci da kuka a kunne, a irin wannan ƙazamin ruwa yake hayayyafa. Gindin bango ya jiƙe ya fara zubewa, maƙwabta su fara 'yar tsama. Rigingimu nawa ne aka kai gaban sarakunan unguwa da limamai waɗanda asalinsu ruwan rariya ne?

Akwai hanyar da ruwan nan ke dawo mana wadda ba kowa ya lura da ita ba. Dubi bututan ruwan sha da ke kwance cikin gota a unguwanninmu, wasu an ɗaure mahaɗarsu da robar taya. Muddin famfo na kawowa, ƙarfin ruwan yana tura komai waje. Da zarar an ɗauke, bututun ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙar ruwan gota ta wurin tsagewa. Ranar da famfo ya dawo, abin da ya fara fitowa a bokitinmu har da wanda muka zubar shekaranjiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganinsa: a ɗaga bututu daga cikin gota, a canza wanda ya fashe, a bar ruwan farko ya zuba a bokitin wanke daɓe har sai ya washe, na sha kuma a tafasa shi ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa irin Aquatabs bisa ƙa'idar da ke jikin takardar, a jira minti 30.

Mun ga ƙarshen sakaci da idonmu. A shekarar 2014 kwalara ta ɓarke a Akra cikin watan Yuni, ta bazu jihohi goma na ƙasar a lokacin. Fiye da mutum 28,000 suka kamu, 243 suka rasu, kuma Akra ce ta fi jin jiki. Bayan wannan ne gwamnati ta sa Asabar ɗin farkon kowane wata ta zama ranar tsaftace gari. A watan Oktoba na 2024 cutar ta sake ɓullowa a yankin Ada ta bazu zuwa wasu jihohin bakin teku. Kwalara ba ta da wata hanya sai ɗaya: daga bahayar mai cutar zuwa bakin mai lafiya, ta ruwa ko abinci ko hannu.

Gyaran ba ya buƙatar injiniya. Gidan da ke kusa da gota mai siminti, a haɗa rariya da bututun roba a binne shi har cikin gotar, kada ruwan ya bi ta kan hanya. A sa 'yar raga a bakin rariya ta tare gashi da guntun soso da ledar sabulu. Gidan da ke da ɗan fili kuma ƙasarsa na shan ruwa, a haƙa sokawe: rami kamar mita ɗaya faɗi, mita ɗaya da rabi zurfi, a cika shi da duwatsu da tsakuwa, a rufe da siminti. A nisanta shi da gindin bango, kuma ya yi nisan aƙalla mita 30 da kowace rijiya. Buɗaɗɗen kwatami a bayan gida kuwa gidan sauro ne, tarko ne ga yara. A rufe shi. In lungu ya matse, gidaje uku ko huɗu su haɗa kuɗi su ja bututu ɗaya.

Gota ba masai ba ce, masai ba juji ba ne

Gota an gina ta ne don ruwan sama da ruwan wanka. Duk wanda ya haɗa bututun masansa da gota, ko ya ƙulle bahaya a baƙar leda ya jefa ciki da dare, ko ya jira hadari ya sauko ya juye shararsa, ya sani cewa abin bai tafi ba. Babbar gotar Nima tana gangarawa ta haɗu da Odaw, Odaw ta zuba a tafkin Korle, sannan teku. Inda leda ta toshe, a nan ruwa ke tsayawa ya shiga ɗakunan mutane da duk abin da ya kwaso. Ba mu manta daren 3 ga Yuni 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobarar wani gidan mai kusa da Sakul suka ci rayuka wajen 150. Toshewar magudanan ruwa na cikin abubuwan da suka tsananta ambaliyar. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Haka shi ma masai yana da abin da yake karɓa. Famfas, audugar mata, tsumma, takardar goge jarirai mai laima, gashi, reza da leda, duk ba sa narkewa. Suna toshe bututu, suna cika rami da wuri, sai a kira motar kwasa a biya kuɗi mai yawa. A ajiye ƙaramin bokiti mai murfi a banɗaki, a sa leda a ciki, a ƙulle a kai wa masu shara. Famfas kuwa a fara juye kashin cikin masai kafin a naɗe.

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin mutane cewa kashin jariri ba ya da illa. Iyayenmu mata, a yi haƙuri, wannan ba gaskiya ba ce. Kashin yaro yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba, sau da yawa ma ya fi. A juye fo a masai, a wanke shi a can, ba a tsakar gida kusa da wurin wanke-wanke ba.

Masu masai irin na bayodajesta su kula: ƙananan halittu ne ke narkar da ƙazantar a cikinsa. Yawan zuba masa Parazone ko ruwan asid yana kashe su, ruwan wanka kuma yana cika shi. A raba masa hanya da rariyar wanka.

Duro, randa da tanki

Tunda famfo ba ya kawowa kullum, dole mu ajiye ruwa. Amma ruwa mai tsafta yakan gurɓace a cikin gida in mazubinsa a buɗe yake ko kowa na tsoma hannu. Kowane duro ya samu murfi, kowace randa ta samu moɗa mai dogon mariƙi da ake ratayewa. Ruwan sha ya zauna nesa da banɗaki. Galan ɗin da cikinsa ya yi kore a wanke shi da sabulu da tsakuwa ƙanana a girgiza. Tankin sama a wanke shi aƙalla sau biyu a shekara.

Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da shawara, shi ruwa mai kyau na cikin mazubi yake so, kuma da rana yake cizo. An samu ɓullar dengi a Jihar Gabas a 2024. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Don haka sau ɗaya a mako a juye duro, a goge bangon cikinsa da buroshi, domin ƙwayayen a jikin bango suke manne.

Sai yara masu rarrafe da masu koyon tafiya. Kan yaro yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa. In ya leƙa bokiti ya faɗa da ka, ba zai iya fitowa ba, ba zai iya kuka ba, kuma ruwa kaɗan ya isa ya yi ajalinsa cikin 'yan mintuna. A kife bokiti da baho bayan wanka, a sa sakata a ƙofar banɗaki ta waje, kada a bar jariri cikin baho a ce bari a ɗauko tawul.

Don iyayenmu tsofaffi

Daɓen da ba ya bushewa yakan yi gansakuka, ga ragowar sabulu, sai santsi. Faɗuwar da saurayi zai tashi ya kaɗe jiki, ita ce ke karya ƙugun tsoho ta kwantar da shi wata da watanni. A goge daɓe da buroshi mai ƙarfi duk mako, a gyara gangarensa yadda ruwa zai bi rariya. A kafa ƙarfen dafawa a bango, a ajiye 'yar kujera ta zama, a sa fitila, domin yawancin dattawanmu kafin asuba suke shiga. Wajen wanke banɗaki kuma kada a taɓa gauraya Parazone da ruwan asid ko wani maganin wanke masai. Haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu, balle a ɗaki marar taga.

Wa ke da alhakin me?

Gaskiya ɗaya ce: gidaje da yawa a zongo ba su da makewayi, wasu ma an mayar da wanda ke akwai ɗakin haya. Sakamakonsa mun san shi. Tsohuwa tana layi a makewayin gwamnati da kuɗi a hannu, budurwa tana tsoron fita da dare, mai gudawa ba ya iya kaiwa. Daga nan baƙar leda ke samo asali. Dokokin asambili sun wajabta wa mai gida ya samar wa mazauna gidansa makewayi, kuma duba-gari, waɗanda muka fi sani da 'yan tankas, suna da ikon kai ƙara. Tun 2013 Bankin Duniya ya tallafa wa shirin GAMA na ruwa da tsafta a Akra da kewaye, wanda ya taimaka wa dubban gidaje suka gina makewayi a farashi mai rangwame, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa Kumasi. Bayodajesta ba ya cin wuri, yana shiga inda ramin gargajiya ba zai shiga ba. Muna kira ga masu gidaje su je ofishin asambilinsu, Ayawaso ta Gabas ga mutanen Nima, Ayawaso ta Arewa ga na Mamobi, su tambayi sashen duba-gari ko akwai tallafin da ake bayarwa. Gidan gado mai magada da yawa, a zauna a cire kuɗin daga haya kafin a raba. Sadaka ce mai gudana ga wanda ya bar gidan.

'Yan haya su ma da nasu. A yi jadawalin wanke banɗaki a manna a ƙofa, maza su shiga ciki ko su biya kuɗin sabulu da buroshi. A riƙa tara ɗan abu duk wata don gyaran famfo da kwasar masai, kada a jira sai ya cika ya tumbatsa. Magajiyoyi su ɗauki maganar zuwa wurin suna da biki, limamai su taɓo ta a huɗuba, samarin majalisar ataya su ɗauki lungu ɗaya ɗaya su cire bututan ruwan sha daga gota. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In gudawa ta shigo gida

Duk da kiyayewa, ciwo yakan zo. Abin da ke kashe mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS nan take. In babu na leda, a haɗa a gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ci gaba da shayar da jariri nono, a karɓo wa yaro ƙwayar zinki a asibiti ya sha kwana 10 zuwa 14. In gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko ga amai ba tsayawa, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko an ga jini, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne, ana ba shi ruwan a hanya. Kwalara tana iya kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin sa'o'i, amma wanda aka kai da wuri kusan kullum yana tashi.

Kafin fitowa ta gaba, muna roƙon kowane gida ya yi abu uku: a gyara famfo ko tankin da ke yoyo, a ajiye sabulu da ruwa mai zuba a ƙofar makewayi, sannan mai gida da 'yan haya su zagaya bayan bango tare su ga inda ruwan rariyarsu ke kwana da ƙofar wanda yake bi. In an ga abin gyara a gaya wa juna da lalama, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Gidan da ke buƙatar shawara a kan sokawe ko makewayi ya tuntuɓi kwamitin lafiya na ƙungiya a taron wata.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kare mana zuri'a daga annoba, ya sa albarka a ruwanmu da abincinmu. Amin.